Sandar da Ke Lanƙwasa

Ni na kai Bunu Ikko, kuma ni na kayar da shi, ko da yake har yau mutanen Haɗeja ba su sani ba.

Sunana Irmiya. A lokacin ina malamin wasanni a wata sakandare a garin, ga cika baki: wai babu abin da ban koyo a Zariya ba. Bunu kuwa masunci ne daga wajen Baturiya. Na fara ganinsa da kaka, ruwa na janyewa, ya kafa gorar da yake tura kwalekwale da ita, ya haye rafi kamar mai tsallake kwata. Shekara biyu ina koya masa tsallen sanda. Da gorarsa ya ci Kano, ya ci Kaduna, aka zaɓe shi zuwa gasar ƙasa da ƙasa a Ikko.

Ana gobe gasa, wani jami'i ya kalli gorar ya yi dariya, ya miƙo masa sabuwar sanda 'yar Turai. Bunu ya dogara ta a ƙasa, sai ta tanƙware.

"Malam, wannan lanƙwasa take yi fa," in ji shi. "Mu a fadama, in sanda ta lanƙwashe a hannunka sakinta ake yi, kafin ta karye ta soke ka."

Ban taɓa ganin irinta ba. Ga mai horar da 'yan wasan wata ƙasa a tsaye kusa da mu, tambaya ɗaya ta isa. To, amma ni da na san komai? Sai na gyara wuyan riga.

"Na san ta sarai. Yi yadda ka saba."

Ya kuwa yi yadda ya saba. Ya taho a guje, ya kafa, sanda ta lanƙwashe, ya sake ta, ya faɗo ko ƙarfen da ake tsallakewa bai kusanta ba. Filin ya ɗauki dariya. Bayansa wani dogo ya zo, tasa ta tanƙware har na runtse ido, shi kuwa ya riƙe gam, ta miƙe ta cilla shi sama. Ashe lanƙwasar ita ce aikin. Na gane, amma zuwa in gaya wa Bunu yana nufin in ce jiya ƙarya na yi. Ina nan ina shawara da zuciyata Bunu ya yi tsalle na biyu, ya yi na uku, duk ya faɗo.

A jirgin ƙasa na komawa gida, bayan mun wuce Kano, Bunu ya matso kusa da ni. Ya rungume gorarsa, kansa a ƙasa.

"Malam, ka yafe ni. Ka sha wahala a kaina, ni kuma na ba ka kunya a gaban baƙi."

Kunya ta kama ni har wuya. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Bunu. Na yafe maka."