Keken da Na Ba Gidan Tarihi Aro

Da na san abin da za mu tarar a gidan tarihi ranar nan, da ban tafi da Auta ba. Da na je ni kaɗai, in dawo in san yadda zan lallaɓa masa maganar.

Ni tela ne. Auta shi ne ƙaramin 'ya'yana, ya gama sakandare ya zauna, ba karatu ba sana'a. Kullum yana tasha wajen wani mutum da suke kira Oga, mai kwasar samari yana kai su aiki wata ƙasa mai nisa. Abokansa biyu sun bi shi, ɗayan har yau uwarsa ba ta ji muryarsa ba. Tun da Auta ya fara zancen tafiya hankalina bai sake kwanciya ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, uwarsa ta yi kuka. A ƙarshe ya ce zai gwada shago, amma shi ba zai zauna yana sa maɓalli yana kallon ƙeyata ba, sai in yana da kekensa.

Keke kuwa akwai. Na mahaifina ne, baƙi, mai takawa da ƙafa, a kansa na koyi ɗinki. Lokacin da gidan tarihin garinmu ya buɗe ɗakin sana'o'i, sun bi shaguna suna neman tsofaffin kayan aiki. Ni na riga na sayi na lantarki, sai na ba su tsohon aro. Kafin su ɗauka na kwance shi na wanke, na sa masa mai, na goge har yana ɗaukar ido, don kada a ce na bar kayan ubana ya lalace.

Muka shiga ɗakin sana'o'in. Ga sikelin mahauci, ga akwatin aski, ga guduma da zarto an jera a cikin akwatin gilashi. A kusurwar ɗakin an gindaya igiya, bayanta keken ɗinki. Tun daga ƙofa na ga ba namu ba ne. Wannan duk tsatsa ta ci shi, katakon ya tsage, ko allura babu.

Auta ya sa hannu a aljihu ya ce, "Baba, wannan ne gadon nawa?"

Mai kula da ɗakin wata yarinya ce mai ladabi, sa'ar babbar 'yata. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ba ni kujera, sannan ta yi mini bayani a hankali kamar mai ba majinyaci magani. Ta ce kekena ya yi kyau da yawa. Baƙi suna cewa kamar yanzu aka sauke shi daga kanti, 'yan makaranta kuma ba sa barin takawa saboda yana juyawa. Sai aka kawo wannan daga wani gida da ya rushe, manya suka ga ya fi nuna tarihi. Nawa aka mayar da shi sito. Sito ya yi yoyo, aka fitar da kayan ciki tsakar gida. Daga baya aka ba wani mai walda aikin mutum-mutumi don girmama masu sana'ar gari, aka ce ya ɗebi ƙarfen da yake so a tsakar gidan.

Na ce ai aro na bayar. Ta ce wanda ya karɓa an yi masa canjin wurin aiki.

"Ba a yar da shi ba fa, Baba," in ji ta. "Karrama shi aka yi."

Ta raka mu bakin ƙofa ta nuna mana shataletalen da ke gaban ginin. Mutum-mutumin ya fi tsayin shagona. Ƙafafunsa fayif ne, hannuwansa shebur, kansa bokiti. A ƙirjinsa ga kan keken, an yi masa walda ta ko'ina, an fesa masa fenti ruwan azurfa. Ta nan nake bi duk sanda zan je sayen zare, ban taɓa ɗaga kai ba. Na tsallaka titi na tsaya a gindinsa. Na gane shi ta wani kusa na tagulla da mahaifina ya sa a gefe, fentin bai rufe shi duka ba. Na miƙa hannu ban kai ba. Ko da na kai, wuta ta narkar da cikinsa, ba mai gyaran da zai sa shi ya sake juyawa.

Auta ya yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Ya ciro waya ya ɗauki hoto.

"Ka gani ko, Baba? Kekenka ma ya riga ni samun aiki. Ga shi tsaye a tsakiyar gari, ba mai korarsa."

Na ce ya yi haƙuri, zan bar masa nawa da safe, ni in riƙa yanka da guga har a samu wani.

"Kai ma da kyar yake ci da kai," ya ce. "In irin wannan girmamawar ce ƙarshen tela, a bar ni in gwada wani wuri."

Motoci suna ta zagaye mu, wani direba ya leƙo ya tambaye ni ko ni ne na ƙera abin. Auta ya ce zai biya wani wuri, in wuce gida. Ban tambaye shi ina ba, don na sani.

Na je wajen wani abokin sana'ata da ke da keke a ajiye. Ya ce ƙaninsa ya riga ya roƙe shi keken, amma zai duba. Uwar Auta ta ce in koma gidan tarihi in tayar musu da hankali. In tayar in samu me? Ƙarfe mai fenti?

Yau da safe na matsar da teburin yanka, na ajiye kujera ta biyu kusa da taga inda haske ya fi. Auta ya fita tun kafin in tashi. Ban sani ba ko zai zo shagon, ban kuma sani ba ko ya riga ya ba mutumin tashar amsa.