Awon Ɗakin Kaji

“A'a, ba nan ba, ja tef ɗin zuwa gindin lemo,” in ji Baba Mai Lori, yana nuni da sandarsa. “Can inuwa take. Kaza ba ta son ranar yamma.”

Na shigo ne in yi masa aski, na tarar da shi a bayan gida a kan kujerar roba, kumburarrun ƙafafunsa cikin silifas. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma tun da ya ajiye tuƙi ba shi da zance sai na ɗakin kaji. Ni har na haddace. Za a ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya, ƙofa ta kalli gabas, a kewaye shi da wayar raga mai ƙananan idanu, rufin kwano ya ɗan kwanta don ruwan sama ya zube a rariya. Nakan tsokane shi in ce kajin nan za su fi ni makwanci mai kyau, shi kuma ya ce ai sun fi ni amfani.

Auta, ɗansa da ya rage a gari, shi ya kawo mai tef ɗin. Ya ce kafinta ne, ya zo awo. Baba sai murna, har da sa hula. Ya yi ta bayani: tsayin ya kai yadda mutum zai shiga ya share ba sai ya sunkuya ba, a bar lungu mai duhu don masu kwanci. Mutumin “to, to” kawai yake cewa, idonsa na wani wuri. Ya auna gindin lemon a gurguje, sannan ya ja tef daga wannan katanga zuwa waccan, ya leƙa ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya tambayi inda ramin bayi yake. Auta na biye da shi, ko sau ɗaya bai ɗago ya kalli ubansa ba.

A shagon aski ba a ɓoye magana. Kafin mako ya zagayo na ji cewa mutumin dillalin gidaje ne, kuma an gama ciniki. Mai saye zai rushe ya yi shaguna, ya ma yarda zai jira tsohon ya cika. Raina ya ɓaci har na kusa yanke wa wani kunne. Auta fa, yaron da na sani tun yana yawo da majina, wanda uban ke ɗorawa a cinya a gaban sitiyari. Na tare shi a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

“Kawu, likita ya ce ba zai daɗe ba. Me sanin zai ƙara masa? Ku bar shi da kajinsa.”

A lokacin Baba ya daina fitowa. Na same shi a gado, kwalaben magani jere a taga, ɗakin na warin man zafi. Ina shafa masa kumfa a haɓa ina neman ta inda zan fara, sai ya riƙe mini hannu.

“Mai aski, ka taɓa ganin kafintan da zai yi ɗakin kaji bai tambayi kaji nawa za a zuba ba?”

Ashe tun ranar ya gane. Ya ce ba gidan ne ya dame shi ba, gobe ai nasu ne, su sayar su ci. So yake Auta ya zauna a bakin gadon nan ya faɗa masa da bakinsa. Na ce bari in je in jawo masa shi da kunne.

“Kada ka soma. In kai ka turo shi, ba shi ya zo ba.”

Haka ya ci gaba. Duk zuwan Auta sai Baba ya tambaye shi yaushe kafinta zai fara, ya tsaya yana kallon bakinsa. Auta ya ce katako ya yi tsada, ya ce kafintan ya yi tafiya, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Ina zaune ina ji, kamar in haɗiye zuciya.

Ranar da jikin ya tsananta Baba ya sake tambaya, da kyar muryar ke fita. Auta ya tashi ya fita da sauri. Na ce a raina, to, ya je ya wanke fuska ne ya dawo ya faɗa. Sai ga shi ya dawo da sabon naɗin wayar raga a kafaɗa, ya jingina ta a bakin gado.

“Ga waya, Baba, mai ƙananan idanu, irin wadda ka ce. Jibi za a fara.”

Baba ya dubi wayar, ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya fuskarsa bango. Bai ƙara yi wa kowa magana ba, washegari da hantsi ya cika.

Bayan mutane sun watse ina share ƙofar shagona, na ga Auta ya fito da wayar. Ko igiyar da aka ɗaure ta da ita a kanti ba a kwance ba. Ya ɗora ta a bayan babur, ya ja roba ya ɗaure da kyau, ya nufi layin masu kayan gini, inda ya sayo ta.