Takardar da Ta Zama Wuyan Riga

Tela ya cuci ɗansa, kuma da saninsa ya yi. Bai doke shi ba, bai hana shi abinci ba. Takarda ɗaya ya ɓoye, yaron ya yi asarar shekara guda.

Lele ake ce wa yaron. Ya cika shekara biyu bai ce uffan ba. In an kira shi ba ya waiwayowa, sai dai ya zauna yana kallon hasken da ke shigowa ta taga, yana miƙa hannu kamar zai ɗebo shi. Ranar awo uwar tana kwance da zazzaɓi, Tela ne ya kai shi asibiti. Nas ta duba yaron, ta rubuta takarda a kai shi sashen da ake koya wa yara magana. Tela ya ninke ta ya sa a aljihu. Abin da ya dame shi kada a ji a layinsu an ce ɗansa yana da matsala.

"Me suka ce?" in ji matarsa da ya dawo.

"Nauyin baki ne kawai. Ni ma Inna ta ce sai da na shekara huɗu na buɗe baki."

"Shi ya sa har yau ba ka rufe shi ba," ta ce, suka yi dariya.

Ta yarda, ta zauna jira. Da rana in gida ya yi tsit, fanka na juyawa a hankali, sai gyangyaɗi ya ɗauke ta, ta ga Lele zaune a kan cinyarta yana ba ta labari mai tsawo da wata murya siririya. Ba ta taɓa riƙe ko kalma ɗaya ba. In ta farka sai ta tarar da shi a gindin taga, shi da haskensa.

Wata rana ta kai wa Tela abinci shago. Lele ya shiga ƙarƙashin keken ɗinki, ya fito da wata takarda da aka yanka siffar wuyan riga, irin wadda ake ɗorawa a kan yadi a bi da alli. Ta karɓa za ta ajiye, sai ta ga hatimin asibiti da rabin sunan ɗanta. Almakashi ya cinye sauran. Kalma biyu suka tsira: magana, Talata.

"Baban Lele, wannan fa?"

"Takarda ce mai kauri, ta yi daidai da wuya."

"Ba kaurinta na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da taka keke ba zare a allura.

Ranar Talata ta goya Lele ta tafi. Mai gadin asibiti ya juya takardar ya ce, "Baiwar Allah, ɗinki kika kawo mana?" Duk da haka ya nuna mata hanya. Ta bi wani dogon lungu mai warin magani, ta wuce ƙofofi masu kama ɗaya, kowa ta nuna wa wuyan rigar sai ya ce gaba. Ji take kamar har yanzu gyangyaɗin take yi. Can ƙarshe ta jiyo muryar mace tana maimaita kalma ɗaya a hankali, ta tura ƙofa.

Tabarma ce a shimfiɗe, da madubi ɗan gajere daidai tsayin yara. Malamar da ke koya wa yara magana ta zauna a ƙasa, ta hura kumfar sabulu. Kumfa ta tashi ta ratsa hasken taga, kowace da launinta. Lele ya bi su da ido har suka fashe. Malamar ba ta sake hurawa ba, ta jira. Can ya juyo ya kalli fuskarta.

"Kin gani? Tambaya ya yi," in ji ta. "Da bara kuka zo da ya fi. Amma kun zo. A gida ki sauko daidai idonsa, abin da yake kallo ki faɗa masa sunansa, sannan ki yi shiru ki ba shi wuri. Babansa ma ya riƙa zuwa."

Tela bai je ba ko sau ɗaya. Kullum ɗinki ya yi yawa. Uwar ce ta durƙusa wata da watanni tana cewa ruwa, kofi, mage, Mama. Ba wanda ya durƙusa ya ce Baba. Abin da yaron ke ji a bakin shago shi ne masu kawo ɗinki suna kwaɗa kira.

Yanzu Lele shekararsa biyar, yana magana, ko da yake a hankali. Uwarsa Mama yake ce mata. Ubansa kuwa Tela yake ce masa, a gaban kowa.