Ruwan Allura a Kwamfutar Yaya

Ƙarfe tara na safe Yaya ya kira ni. Dawowata ke nan daga wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa, ko jakar aikina ban ajiye ba.

"Auta, ki zo yanzu. Hannuwanki nake buƙata," ya ce, ya kashe wayar.

Ni nas ce, gida-gida nake bi ina yi wa marasa lafiya allura da wankin ciwo. Yaya kuwa zanen gine-gine yake yi a kwamfuta, ya nuna wa mutum gidansa a bidiyo tun ba a haƙa tushe ba. Wata bakwai da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har da ƙari, amma hannun dama ya ƙi daina rawa, na hagun kuma dama can ba ya masa aikin kirki. Tun daga lokacin ko ruwa ba ya sha a gaban mutum. Sai ya jira ka fita, ka dawo ka tarar ya sauya riga.

Na same shi a ɗakin aikinsa, idanu jawur, kwamfutar a buɗe kan tebur. Ya turo min wayarsa. Saƙo ne daga shugaban ofishinsu, mai taushi irin wanda ya fi zagi ciwo: masu ginin za su zo ƙarfe huɗu, in jikin bai ba shi dama ba ya huta abinsa, daga yanzu za a ba wani. Wannan ne aiki na farko da suka ba shi tun da ya kwanta.

"Zane ya gamu," in ji shi. "Haɗa bidiyon ne ya gagara. Sau uku tana kai kashi sittin, katin hotuna na cikin kwamfutar ya ɗauki zafi, ta mutu."

Kwamfutar Yaya da ruwa take huce zafi. Shi ya haɗa ta da kansa: ɗan tanki, famfo, lagireto, da tiyo mai shuɗin ruwa yana zagayawa. Katin ne kawai bai shiga layin ruwan ba, da fankokinsa yake fama. Ya sayi farantin jan ƙarfe da za a ɗaura masa ruwa ya riƙa ratsawa, sati guda kafin ciwon, ga shi nan har yau a kwali. Ya kira mai gyara, mutumin ya ce shi ba ya haɗa ruwa da wuta, wani kuma ya ce sai jibi.

"Yaya, ni fa ko rimot ya ƙi aiki dukansa nake yi."

"Kina sa wa jarirai ƙarin ruwa. Wanke hannu ki zo."

Na zare wayar wuta, muka fara, shi baki ni hannu. Na ciro katin, na kwance 'yan sukurori goma sha shida, na raba shi da fankokinsa. Na goge tsohon man da ya bushe a kai da auduga da sifirit daga jakata. Na yanka 'yan faci masu laushi masu ɗauke zafi na jera a katin inda ya nuna, yana tsaye a kaina yana numfashi a wuyana.

"Kin ɓare ledar ta ƙasa?"

"Na ɓare."

"Ɗaga in gani."

Ban ɓare ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina na sake. Da wani lokacin ne da ya ji amsa, amma ina ganin hannunsa yana kaɗawa a gefen wando, yana ƙoƙarin ɓoye shi a aljihu, sai tausayinsa ya rufe min baki.

Da aka zo yanka tiyo sai ga matsala. Ashe gwanin namu bai sa wa layin mafitar ruwa ba, in aka yanka sai dai ya malale a kan komai. Nan na samu tawa. Na ciro almakashi biyu na matse jijiya, na danne tiyon sama da ƙasa, na tara ɗan kwano na yanka tsakani. Cokali biyu ne suka zubo.

"Ba laifi," ya ce. A wurin Yaya wannan lambar yabo ce.

Na ɗaura farantin a katin na mayar da shi mazauninsa, na ƙara sabon tiyo, na jona bakunan biyu a farantin, na toshe sauran ramukansa biyu da murafensu. Sai muka juye ragowar shuɗin ruwan da ke galan a tanki, muka kunna famfo shi kaɗai, sauran kwamfutar babu wuta. Layin ya ƙara tsawo, ya shanye ruwan tas, famfo ya fara gurnani yana zuƙar iska. Yaya ya kashe da sauri. Galan ya ƙare, agogo ya ce sha biyu, bidiyon kuma awa uku cur yake ci.

Na zaro ledar ƙarin ruwa daga jaka.

"Akwai gishiri a ciki. Kina so ki kashe min ita?"

"Na famfon kicin fa?"

"Sai tataccen ruwa. Inda ake sayarwa tafiyar awa guda ce." Ya zauna daɓas a kujera ya rufe fuska da hannun hagu. "Bar shi, Auta. Rubuta wa shugaban ofishinmu ki ce a ba wani."

Ban taɓa jin Yaya ya ce a bar wani abu ba. Na zazzage jakar a ƙasa kamar mahaukaciya, sai ga kwalin ruwan da nake dama maganin allura da shi, tatacce, babu komai a cikinsa. 'Yan robobi ne kamar ɗan yatsa. Na karya wuyan ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, ina zuƙa da sirinji ina ɗurawa a tanki, har babban yatsana ya yi ja. Muka karkata akwatin kwamfutar hagu da dama, ina ɗan ƙwanƙwasa tiyo da farce yadda nake korar kumfa a layin ƙarin ruwa, har gurnanin ya lafa.

Ya sa na shimfiɗa farin tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa. A ƙa'idarsa yini guda ake barin famfo yana gudu kafin a amince. Mu rabin awa muke da ita.

Minti goma sai ga ɗan shuɗin tabo a tishun ƙarƙashin katin. Ɗaya daga cikin murafen farantin ne yake tsatsafo.

"Kai ka ce kada in matse da yawa, zai tsage."

"Ban ce ki lallashe shi ba. Ƙara."

"Kamar yaya?"

"Har sai ya..." Ya tsaya. Ya dubi yatsunsa. "Ba a faɗa, Auta. Ji ake yi a hannu."

Na miƙa masa ɗan makullin da ake ɗaure murfin da shi. Ya kalle shi, ya kalle ni, na ga tsoro ƙarara a idonsa. In hannun ya zille, ƙarfen zai karce katin, shi ke nan an gama. Sai na kama wuyan hannunsa na dama da hannu biyu, irin riƙon da nake yi wa yaro mai tsoron allura, na kai shi har bakin murfin. Rawar tana ratsa ni har gwiwar hannu. Ya rufe ido, ya juya a hankali, bai fi kwatan juyi ba, ya tsaya.

"Nan ne," ya ce.

Na sa sabon tishu. Muka zuba masa ido minti goma sha biyar. Tishun ya zauna fari ƙal. Ɗaya saura minti biyar na mayar da wayoyin, ya kunna ta ya danna fara haɗa bidiyon da kansa.

Kashi ashirin, kashi arba'in. Da ta kai hamsin da tara na daina kallo, na koma karanta duk addu'ar da na iya. Da na ɗago tana sittin da huɗu, ɗakin shiru, sai ɗan motsin ruwa a tanki. Yaya ya ɗora yatsunsa a tiyon da ke fitowa daga katin, ya ce in taɓa. Da ɗumi.

"Saura awa guda da 'yan mintoci," na ce. "Za ta kai?"

"Da ƙyar. Ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Na cika kofi na ajiye masa, na juya zan fita kamar kullum.

"Ina za ki? Zauna ki duba min tishun nan."

Na zauna. Ya ɗauki kofin da hannun dama. Kusan rabi ya tafi a gaban rigarsa, ya shanye sauran, idonsa a kan allo, ya miƙo min in ƙaro.