Tururin Gidan Malachy

Sau biyu na doki ƙofar bayan gidan maƙwabcina da kafaɗa kafin Dervla mai kawo wasiƙu, wadda ta kira ni don ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ta ce, "Fintan, murɗawa ake yi, jarumi." Ta murɗa, ƙofa ta buɗe.

Malachy Tierney yana kan kujerarsa a kicin, tabarau a hanci, rediyo na ta alkawarin ruwan sama. Gidan da ɗumi kamar gidan burodi. Daga baya likita ya ce tun Litinin da la'asar ya cika. Ranar kuwa Alhamis ce.

Ni aka ɗora wa duba shi. 'Yarsa Nuala, da ke zaune a Glasgow, ta roƙe ni tun da ya cika tamanin, ni kuma na samo hanyar da ba ta buƙatar sa takalmi. Kullum ƙarfe bakwai na safe Malachy kan kunna tsohon injin ɗumama gidansa mai shan kananzir da hannunsa, bututu ya tofo baƙin hayaƙi. Ina hangowa ta taga, da kofin shayi a hannu, sai in tura wa Nuala saƙo: "Tsoho na nan lafiya."

Bara ni na matsa masa ya canza injin.

"Sabon ba ya shan mai sosai, hayaƙinsa kaɗan ne. Ka tausaya wa duniya mana, zafi take ƙarawa."

"Zafi? To a aiko wa Fermanagh ɗinmu mai sanyi nata kason," in ji shi. "Kai da motarka mai tarin fuka ne za ku ceci duniya?"

Ya dai yarda, saboda ƙirjinsa. Aka kawo wani farin akwati mara hayaniya, mai agogo a cikinsa, mai kunna kansa. Bakwai na bugawa zai busa farin tururi, da mai gida ko babu. Ba zan ce ban sani ba. Ni na riƙe wa mai haɗa shi tsani.

Talata na tura saƙo. Laraba ma na tura.

Nuala ta iso Juma'a. An shimfiɗa gawar Malachy a falo kamar yadda muka saba, maƙwabta na shigowa da kek da burodi, suna yaba yadda ya yi kyau. Na ɓuya a kicin ina wanke kofuna. Nan ta same ni.

"Likita ya ce Litinin, amma su ma suna kuskure, ko ba haka ba? Kai ka ga Baba Laraba. Me ya ce maka?"

Tun a hanya na shirya amsa: ya zagi alƙalin wasa, ya tambayi yaranta. Amsa ce mai kyau, da ta riƙe ta har tsufanta.

"Ban gan shi ba, Nuala. Tururi na gani." Na yi mata bayanin tagar.

"Tun yaushe kake haka?"

"Kusan tun farko."

Ta daɗe tana kallon kujerar. A falo wani ya fashe da dariya, aka ce masa ya yi a hankali.

"Ni ma in na ga saƙonka, ba na kiransa," ta ce.

Ta zaro tawul daga kafaɗata ta tsaya gefena. Na ɗauraye kofi na miƙa mata, ta goge, ta kife. Na ɗauko na gaba.