Ƙofar Bayan Kanta

Tun ina saurayi allon nan yake rataye a ƙofar mashayar Mis Adina: "Ina da niyyar neman lasisin sayar da giya a zama na gaba." Nan kan tsaunukanmu na Jamaika haka muka taso muka gani. Ka rubuta niyya, ka rataye, ka ci gaba da zuba wa mutane giyar rake, zaman kotu kuwa sai ranar da Allah ya yi. Mu dai a wurinmu niyyar ita ce lasisin.

Sai aka kawo mana sabon sufeto, yaro ɗanye shar. Ya ce ko ta je zaman wannan watan, ko ya garƙame wurin. Da ya zo dubawa bai ko kalli rufin da ke yoyo ba, ƙofar da ke bayan kanta ya nuna.

"Mis Adina, wannan ina ta nufa?"

"Ɗakina, ranka ya daɗe. Mijina ne kwance a ciki."

"Muddin mashaya na haɗe da ɗakin kwana ba zan sa hannu ba. A toshe ta da bulo."

Tun da ɓarin jikin mijin nata, Mas Linval, ya shanye aka juyo gadonsa saitin ƙofar nan. Daga kwance yake kallon wasanmu na domino, yana zaginmu ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma tana awon giya, ido ɗaya na kansa.

Makon nan Mis Adina ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je wurin kansila, ya ce ta dawo. Ta je wurin fasto, wanda dama addu'arsa kullum a rufe wurin. Ta dawo ta goge kanta, ta jera kwalabe, ta sauke su, ta sake jerawa. Rufe mashayar ba ya yiwuwa, da ita ake ci, da ita ake sayen maganinsa.

Mas Linval ne ya yanke maganar. "Adina, kira Wilbert ya toshe. Kallon waɗannan marasa aikin yi ba ya cika ciki."

Ni ne Wilbert ɗin, ni ne kuma maginin ƙauyen. Na kwaɓa siminti ina jan jiki, shi yana daga gado yana sa ido.

"Layin nan ya karkace, Wilbert. Da ma haka kake cutar mutane?"

"Kai da ba ka taɓa ɗora bulo ba, Mas Linval."

"Cika mini ramukan da kankare. Kada ka yi mini aikin 'yan birni, guguwa ba ta san bangon ciki ba."

Na cika. Mu nan ba ma barin cikin bulo fanko, abin kunya ne ga magini. Ina ɗorawa yana ɓacewa, ƙafafu, ƙirji, har ya rage sai gashinsa fari. Ban taɓa tsanar sana'ata ba kamar ranar.

Aka ba ta lasisin. Ranar Asabar da la'asar wurin ya cika maƙil, har da waɗanda ba sa sha. Muka riƙa doka domino kan tebur da dukan ƙarfinmu, muna ihu, muna kiran sunansa, don ya san muna nan. Mis Adina kuwa sai ta zuba wa mutum rabin kofi ta fice, ta zagaya ta bayan tankin ruwa, ta leƙa shi, ta dawo da haki. Kafin ta ba da canji ta sake ficewa.

Da ta ɗauki miyar kazarsa na bi ta, hannuna na zugi saboda dukan tebur. Ina rufe ƙofar ɗakin na ji tsit, ko ƙarar domino ɗaya ba ta ratso bangon. Yana kwance yadda na bar shi, fuskarsa na kallon sabon bangon.

"Adina," ya ce, bai juyo ba, "hana mu lasisin suka yi bayan duk wannan? Yau ban ji kowa ya zo ba."