Rigar Sanyin Choji

Ƙararrawar hayaƙin gidan Mama Monica ta daɗe tana ihu kafin Rabi'a ta yarda cewa na yau ba irin na kullum ba ne. Gidajen layinsu a unguwar Levenshulme ta Manchester bango ɗaya suke rabawa, irin bangon da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Tun da Disamba ta kama kuwa ƙararrawar nan ba ta huta ba. Mama na suyar cincin, ta ɗauka. Mama na gashin kek, ta ɗauka. Sai ka ji tsohuwa tana kaɗa mata tsumma tana zazzaga mata masifa da Hausar Jos, can sai shiru. Yau babu tsumma, babu masifa, ihun kawai ake ta yi.

Rabi'a ta yafa mayafi, ta zaro makullin da Mama ta ba ta ajiya, ta fita ko takalmin kirki ba ta sa ba. Tana buɗe ƙofa hayaƙi ya tare ta da warin ƙonannen sukari.

"Mama! Mama Monica! Kekinki fa ya ƙone!"

Ta kutsa kicin tana tari, ta kashe obin, ta wangale ƙofar baya. Sannan ta leƙa falo da niyyar tsiya, don ta riga ta shirya abin da za ta ce wa tsohuwar nas da ke koya wa mutane hattara ta ɓige da barci.

Mama na zaune a kujerarta ta bakin taga, tabarau a kan hanci, saƙa a cinya. Rediyo na ta waƙoƙin Kirsimeti ƙasa-ƙasa. Zaren ulu ruwan toka yana naɗe a yatsarta yadda take naɗe shi kullum. Rabi'a ta taɓa hannun, ta janye nata da sauri kamar ta taɓa wuta, alhali sanyi ta ji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama? Mama, don Allah."

Ba ta san lokacin da ta zube a kan kafet ba. Jiya jiyan nan matar nan ta tsaya a bakin ƙofa tana yi mata dariya a kan hular da Rabi'a ta saƙa, wai ko kan tulu aka auna. Jiya fa. Ta yi ta kallon ƙirjinta tana jira ya motsa.

Monica Nyam 'yar Berom ce, ta zo Ingila aikin asibiti tun Rabi'a ba ta zo duniya ba. Sanyin farko da Rabi'a ta yi a Manchester, lokacin da mijinta Salihu ya kawo ta ya shige karatunsa, ta fito zubar da shara tana waya da mahaifiyarta tana kuka. Sai ta ji daga tsallaken shinge an ce, "Ke, yarinya, kuka ba ya maganin sanyin garin nan. Zo in koya miki saƙa." Daga ranar ta zama Mama. Da Sallah Rabi'a ta miƙa nama da waina, da Kirsimeti Mama ta gasa kek biyu: ɗaya da giyarsa na iyalinta, ɗaya da ruwan shayi na gidan Rabi'a, ta ɗaura wa gwangwaninsa koren zare don kada a yi kuskure.

Masu motar asibiti sun zo, sun duba, sun girgiza kai. Ɗayansu ya ce ta jima da cikawa, kuma ga alama ba ta sha wuya ba. Bayansu 'yar sanda ta iso, wata doguwa mai sanyin murya, ta tambaya ko marigayiyar na da dangi.

Rabi'a ta ce akwai ɗanta Choji a Birmingham, yana aiki a kantin magani. 'Yar sandar ta ce za su iya tura abokan aikinsu na can su sanar da shi. A ce baƙo da kaki ne zai tsaya gaban Choji a wurin aiki ya ce uwarka ta mutu? Ta ce a'a, ita za ta kira shi, ai kamar ɗan'uwanta yake. Ta fara neman Salihu, wanda ya tafi Kano hutu don duba mahaifiyarsa, layin ya ƙi shiga. Dole ta danna lambar Choji.

"Rabi'a! How far? Mum ta sa ki kira ni a kan turkey ɗin Kirsimeti, ko?"

Muryarsa cike da fara'a, ana jin hayaniyar masu sayen magani a bayansa. Rabi'a ta buɗe baki, sai abin da ta tashi ta ga ana yi a gida ya riga ta fitowa. A Kano wa ya taɓa ɗaga waya ya dankara wa mutum mutuwar uwarsa, ga shi da doguwar hanya a gaba, zai kama sitiyari? Cewa ake jiki ya tsananta, ka taho. Kowa kuma ya san abin da ke nan. Ita kanta haka aka yi mata ranar da mahaifinta ya rasu, kuma kafin ta ajiye wayar ta riga ta fara kuka.

"Yaya Choji, jikin Mama ne. Ka daure ka taho yau."

"BP ɗin ne kuma? Na gaya mata ta rage wannan baking ɗin. Ba ni ita."

"Ba za ta iya magana ba yanzu. Ka dai taho. Ka yi tuƙi a hankali."

"Okay, okay. Ki bar ta ta huta. Mu biyu ne kawai a shop, bari in gama shift sai in kamo hanya. Na gode, Rabi'a, you're a star."

Ya kashe. Ta tsaya da waya a kunne. Choji yana ɗan firamare aka kawo shi ƙasar nan. Hausarsa ta kicin ce, ta neman abinci da amsa faɗan uwa. Wanda ya tashi a gida da tuni ya yar da abin da ke hannunsa, shi kuwa abin da aka faɗa masa shi ya ji. Tsoro ya kama ta. Ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta fara rubuta saƙo, ta kalli kalmar a fuskar waya, ta goge. Wannan ba maganar rubutu ba ce.

Bayan azahar wasu maza biyu cikin baƙaƙen kwat suka zo da mota marar tagogi. 'Yar sandar ta yi mata bayani a hankali: tunda mutuwar ta zo babu zato, sai an kai ta ɗakin ajiye gawa, masu bincike su tabbatar da sanadi kafin a ba iyali.

"Ɗanta na hanya," in ji Rabi'a. "Please, ku jira ya gan ta a gidanta."

Sun jira, ba za a ce ba su jira ba. Suka tsaya a ƙofa hannu a baya, suna kallon yayyafi. Amma suna da wani gidan a gaba, kuma babu wanda ya san inda Choji yake. Rabi'a da kanta ta warware zaren daga yatsar Mama, ta ɗauke saƙar ta ajiye a hannun kujera, ta cire mata tabarau. Da aka fito da Mama, matar gidan da ke kallonsu ta saki labulenta. Fitilun Kirsimetin tagar Mama suna ta kunnawa suna kashewa, babu wanda ya tuna ya cire su daga wuta.

Ta koma ta zauna a falon ita kaɗai. Can sai waya ta hau ruri a cikin kwandon ulu. Wayar Mama ce, ga hoton Choji yana dariya da hular takarda a ka. Rabi'a ta ƙura mata ido har ta katse. Ta ɗauki tata za ta kira shi, ta tuna yanzu yana kan babbar hanya, ga ruwa, ga duhun da ke saurin sauka. Ta ajiye. Wayar Mama ta sake ruri sau da yawa.

Ana gab da magariba ta ji tsayuwar mota. Choji ya shigo da makullinsa yana karkaɗe ruwa daga kai, leda a hannu.

"Mum! Wane irin wari ne wannan? Kin ƙona gidan ne?" Ya ga Rabi'a, ya yi murmushi. "Sorry, traffic a hanyar M6 kamar me. Na tsaya a services na bakin hanya na saya mata grapes. Tana sama?"

Rabi'a ta miƙe.

"Yaya Choji, zauna."

"Hospital aka kai ta? Wanne? Why didn't you say?"

"Ka yi haƙuri. Mama ta rasu. Tun da safe, a kan kujerar nan. Ni na same ta."

Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya sake dubanta. Har ya ɗan yi dariya, irin ta wanda bai gane wasan ba.

"No. Kin ce ba ta da lafiya."

"Na ce ka taho."

"Lokacin da kika kira ni, she was already..." Bai ƙarasa ba. Ledar ta suɓuce, inabi ya gangara ƙarƙashin tebur. "Ina take? Ina son in gan ta."

"Sun ɗauke ta. Na roƙe su, wallahi na roƙe su, sun jira har suka gaji. Sun ce ka kira coroner, mai binciken sanadin mutuwa, gobe."

"Gobe? Rabi'a, na tsaya ina sayar wa mutane cough syrup! Na sha coffee a hanya! Ina ta bar mata voicemail ina mata faɗa a kan cake!" Muryarsa ta fashe. "Da kin gaya mini, da na same ta a nan. Da na riƙe hannunta a nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta so ta ce tsoron hanya ta ji masa, ta so ta ce haka ake yi a gida, amma duk maganar ta yi mata ƙanƙanta a baki. Hawaye kawai take yi tana cewa ya yafe mata.

Ya juya mata baya ya shige kicin. Ta ji ya buɗe obin, ya jawo gwangwanin. Da ya dawo yana riƙe da shi da tsumma. Kek ɗin ya zama gawayi, amma a kunnen gwangwanin ga ragowar koren zare, ya ƙanƙance don zafi.

"Naku ne," ya ce, muryarsa a dushe. Ya ajiye shi a tebur, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, ya jingina kai da ita. "Lokacin da Dad ya mutu a Jos, ina uni. Ta kira ni ta ce, Babanka ba ya jin daɗi, come home. Na hau train ina jin music. Sai da na shigo falon nan ta gaya mini." Ya share fuska da tafin hannu. "Na yi wata ban yi mata magana ba. Exactly the same thing, Rabi'a. Kuma yau ma ban gane ba."

Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta sake roƙo ba.

Hannunsa ya kai kan saƙar da ke hannun kujera. Rigar sanyi ce ruwan toka, irin wadda Mama ke saƙa masa kowace Kirsimeti, yana sawa ranar kawai don kada ta yi fushi. Gaba da baya sun haɗu, hannu ɗaya ya kammala, ɗayan yana kan tsinkayen saƙa, layin ma ba a kai ƙarshensa ba. Ya ɗaga ta da gaggawa zai kai fuska, sai idanun saƙar suka fara zamewa daga bakin tsinke.

"Tsaya, za ta warware," in ji Rabi'a.

Ta durƙusa, ta karɓa, ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mata, ta tura su can ciki. Choji ya miƙo hannunsa ba tare da ya dube ta ba. Ta shimfiɗa hannun rigar a kan nasa, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Hannun rigar ya tsaya daidai gwiwar hannunsa, zaren yana reto har cikin kwando.